Ranar da Mota Ta Ƙi Shiga Giya

A yawancin motocin da ke haɗa fetur da lantarki, waɗanda ake jona wa caji a soket, hannun giya ba ya jan komai. A Mitsubishi Outlander PHEV, wadda ta fito a 2013, direba yakan tura hannun zuwa D ko R, ya sake shi ya koma mazauninsa. Babu ƙarfe ko kebul da ya haɗa shi da injin. Saƙon lantarki ne kawai ke tafiya zuwa kwamfutar motar. Mai aika saƙon wata 'yar na'ura ce da makanikai ke kira sensa, galibi mai aiki da maganaɗisu, bisa ƙa'idar da Edwin Hall ya gano a 1879.

Da yake kuskure a nan na iya zama sanadin rai, masu ƙera motar ba sa dogara da shaida ɗaya. Sensar takan aika saƙo fiye da ɗaya, kwamfuta ta gwada su. Idan suka saɓa wa juna, sai motar ta ƙi motsi, gargaɗi ya bayyana a gaban direba. Mai motar zai ga taurin kai ne, alhali kariya ce. A watan Yunin 2016, ɗan wasan fim Anton Yelchin ya rasu a Los Angeles bayan motarsa Jeep Grand Cherokee ta gangaro ta matse shi. Abin da aka zarga a irin motar shi ne ƙirar hannun giyar mai rikita direba, ba lalacewar sensa ba, amma lamarin ya nuna hatsarin motar da ba a tabbatar da giyarta ba.

Bakanike yakan fara da jona na'urar bincike a ramin OBD-II mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Lambar da aka fi sani a wannan fanni ita ce P0705, ko da yake kowane kamfani yana da nasa lambobin. A nan ne ake yawan barin jaki a doki taiki. Lambar tana cewa akwai matsala a hanyar saƙon. Ba ta ce sensar ta mutu ba. Wanda ya garzaya ya sayi sabuwa yana iya biyan kuɗi mai yawa, cutar kuma tana nan.

Mai haƙuri yakan fara da ƙaramin batir mai bolt 12, domin shi ne ke tayar da kwamfutocin motar, ba babban batirin tuƙi ba. Lafiyayye yakan nuna kusan 12.6 idan motar na kashe. In ya raunana, kwamfutoci sukan fitar da ƙorafe-ƙorafen ƙarya, ko da babban batirin cike yake. Daga nan sai mahaɗar wayoyi da ke ƙarƙashin hannun giyar, inda shayi ko lemon da ya zube yakan haifar da tsatsa, ɓera kuma yakan gwaguyi waya. Sannan a motsa hannun a hankali ana kallon saƙonnin a fuskar na'urar. Idan wuta na isa daidai, wayoyi lafiya, amma saƙo ɗaya ya tsaya ko yana tsalle, to sensar ta tabbata mai laifi, a canza ta.

Duk wannan aiki yana ɓangaren ƙaramar wuta. Wayoyi masu launin ruwan lemo na babban batiri ne, wutarsu ta kai ɗaruruwan bolt, kuma ba su da alaƙa da wannan bincike. Bakaniken da ya miƙa hannu gare su don neman matsalar giya, ya kamata mai mota ya karɓi makullinsa ya nemi wani.