Zanen gidan da na saya a intanet

'Yan'uwa matasa, tun da na fara aikin fasto ban taɓa kwana a ɗakin da zan kira nawa ba. Gidan ikkilisiya ne, sai kuma gidan ma'aikata a kwalejin tauhidi inda nake koyarwa. Ranar da aiki ya ƙare, mabuɗi za a miƙa wa na baya. Shi ya sa ni da uwargida muka daɗe muna tari, ita da adashenta, ni da abin da ya ragu daga albashi, har muka sayi fili mai ƙafa 50 da 100 a gida, kusa da Numan.

Wani ɗalibina ne ya nuna mini shafin wani kamfanin Amurka mai sayar da zanen gidaje. Ka zaɓi yawan ɗakuna, hotuna su fito reras, da ciyawa kore a ƙofar gida. Na ga wani mai ɗaki uku da falo, ya kwanta mini a rai. Na lissafa, na ga kamar ya fi sauƙi a kan in nemi mai zane a Yola mu yi ta ciniki. Na biya da kati, zane ya iso cikin waya. Kuɗin da na tura zai sayi buhunan siminti masu yawa, kuma ban shawarci uwargida ba sai bayan na biya. Wannan ma wani zance ne.

Birkila na fara kai wa. Ya juya takardun, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Fasto, wannan ai gidan katako ne." Gaskiyarsa. Galibin gidajen Amurka da katako ake tsayar da bangonsu, ana jera shi a tazarar inci 16, bangon cikin gida kuma kaurinsa bai wuce inci 4 da rabi ba. Mu kuwa bulo mai inci 9 muke sawa a waje, mai inci 6 a ciki, ga filasta gaba da baya. In ka bi zanen da bulo, kowane ɗaki zai matse, banɗakin da dama ƙarami ne ya zama ba wurin juyawa. Babu ginshiƙin kankare a zanen, babu linta, babu lissafin rodi ko ɗaya. Wutar da aka tsara mai ƙarfin 120 ce, tamu 230. Faɗin gidan har da garejin mota ƙafa 46 ne, wato ƙafa bibbiyu za su rage a kowane gefe. Ban lura da wannan ba ko kaɗan, hoton nake kallo.

Duk da haka na so in yi taurin kai. Na ce da shi a gyaggyara a hau aiki, tunda an riga an biya. Sai wani dattijon ikkilisiya, injiniyan gine-gine da ya yi ritaya, ya ji labari ya ce in kai shi filin. Cikin watan Maris ne, rana tana dukan kai. Bai buɗe takardun ba tukuna. Ya durƙusa ya zura sandarsa cikin wata tsaga a ƙasa, ta shige kusan rabi. Ya ce, "Ɗana, ka san ƙasar nan?" Na ce a kanta aka haife ni. Ya yi dariya.

Baƙar laka ce, irin wadda ta cika yankin Numan da Guyuk. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta tsattsage. Gidan da aka yi wa fandisho irin na ko'ina a kanta, ƙasar za ta riƙa ɗaga shi tana sauke shi duk shekara, har bango ya tsage daga kusurwar taga, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na tuna gidajen da na sha gani a garinmu da tsaga kamar walƙiya a jikinsu, kullum ina ɗora laifin a kan ƙarancin siminti. Ya ce sai an gwada ƙasar kafin a san zurfin da za a haƙa, ko kuma a zuba shimfiɗar kankare da rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya. Da ya buɗe zanen kuma, ya nuna mini manyan tagogin gilashin falo. Yadda filina yake, yamma za su fuskanta. A Numan, inda zafi kan wuce digiri 40 a Maris da Afrilu, falon zai zama tanda.

Sai ya sa yatsa a ƙasan shafin farko, kan wasu ƙananan rubutu da ban karanta ba. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa sai injiniyan yankin mai saye ya duba ya daidaita zanen da ƙasa da dokokin wurin, kuma ba a mayar da kuɗi. Ba su cuce ni ba, sun faɗa. Ga shi kuma hukumar tsara birane ba ta amincewa da zane sai da hatimin mai zanen gine-gine da ke da rajistar ARCON da na injiniya mai rajistar COREN. Hatimin nan yana nufin akwai mutum mai suna da za a kama in gini ya rufta. Wanda ya zana nawa bai san akwai wani gari Numan ba.

Ban ce zanen bai yi amfani ba. Da shi muka zauna da uwargida, ta nuna abin da take so da wanda ba ta so. Ta soke kicin ɗin da ke haɗe da falo nan take, ta ce wa zai soya manja baƙi suna zaune. Ta nemi sito, da wurin girki a waje, da ɗakin baƙi mai ƙofarsa daban, don gidan fasto ba ya rabuwa da masu kwana. Da wannan muka je wurin mai zane a Yola, na biya kuɗi karo na biyu. Ya zo filin da kansa, ya auna, ya juya falon ya kalli arewa, ya ware wurin sokawe nesa da inda za mu haƙa rijiya.

Fandisho kaɗai ya cinye abin da na yi zaton zai kai mu linta. Yanzu ginin yana daidai taga, mun dakata sai an kwashi adashe na gaba.