Ɗorin Lissafi da Fiɗar Waƙa

A shekarun da na yi ina koyarwa, na lura cewa da yawa daga cikin ɗaliban da ke zuwa sashen Hausa gudun lissafi ne ya kawo su. A ganinsu, a nan ba a neman hujja, duk abin da mutum ya faɗa a kan waƙa ya zauna. Wannan tunani yana damuna ƙwarai, domin waɗannan ɗalibai su ne gobe za su tsaya gaban yaran firamare, inda sau da yawa malami ɗaya ke koyar da karatu da lissafi duka.

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga sunan littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, wato Aljabru wal Muƙabala. A Larabci, jabru na nufin ɗori, irin wanda ake yi wa karyayyen ƙashi, muƙabala kuwa daidaita ɓangarori biyu ne. Mu ma ba baƙin wannan fage ba ne, domin Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan lissafin hatimi.

Bari mu ɗauki misali irin na aikin gida. Wata mata ta sayi gero mudu 3, ta ba ɗan dako naira 500, jimillar abin da ta kashe naira 5,000. Nawa ne mudu ɗaya? Abin da ba mu sani ba sai mu kira shi x, mu rubuta 3x + 500 = 5,000. Alamar daidai kamar sikeli take: abin da aka cire a dama, dole a cire shi a hagu. Idan aka cire 500, saura 3x = 4,500. A raba gida 3, sai x ya zama 1,500. Amma aiki bai ƙare ba sai an mayar da amsar cikin tambaya: 1,500 sau 3, a ƙara 500, ya ba da 5,000. Wannan gwaji na ƙarshe shi yara suka fi tsallakewa.

Shi ne kuma ɗalibaina ke tsallakewa wajen nazarin waƙa. Jigo shi ne x ɗin waƙa; kalmomi da siffantawa da zubin baitoci su ne abin da aka ba mu. Idan na ba aji waƙar wa'azi, irin su Imfiraji ta Aliyu Namangi, na tambayi yadda sha'irin ke kallon ɗan Adam, amsar da na fi samu ita ce ya ɗauke shi abin banza, mai mantuwa, wanda ƙarshensa kabari. Hujjar tana nan, domin waƙoƙin wa'azi cike suke da ambaton mutuwa da ruɗin duniya. To, amma sai in ce a mayar da amsar cikin waƙar, baiti bayan baiti. Idan mutum abin banza ne, me ya sa sha'iri ya ɓata dare yana kiransa ga tuba? Ba a yi wa dutse wa'azi. Kiran kansa shaida ne cewa ana ganin mutum da hankali da zaɓi, kuma ana sa ran zai gyaru. Ashe amsar farko ta bar rabin waƙar a waje, sikeli bai daidaita ba.

Sai dai akwai inda hanyoyin biyu suka rabu. Kuɗin mudun nan ɗaya ne tak, ko a Kano ko a Damagaram aka yi lissafin. Waƙa kuwa tana iya ɗaukar fassara biyu, har ta nuna mutum da rauni da daraja a lokaci guda. Abin da ba ta ɗauka shi ne fassarar da baitocinta suka ƙaryata.

Saboda haka, ɗalibi mai shirin zama malami, idan yaro ya kawo maka amsa, ta lissafi ce ko ta waƙa, kada ka yi saurin cewa daidai ko kuskure. Tambaye shi ta ina ya bi, sa'an nan ka sa shi ya gwada ta da kansa.