Kafin A Zargi Kwamfuta, A Fara Bincikar Hanya

Jama'a, akwai wata irin kwamfuta wadda ba ta da jiki. Ba a ɗaukarta, ba a share mata ƙura, a cikin wata kwamfutar take zaune tana cin rabonta daga ƙarfin uwar ɗakinta. Ita ce kwamfutar kwaikwayo. Abin ba sabo ba ne, gama tun cikin 1972 kamfanin IBM na Amurka ya fito da tsarin VM/370, wanda ke raba babban inji guda ya zama kamar injuna da yawa. Yau kuwa saurayi a Gangare ko Unguwar Rogo, a nan Jos, yana iya ɗora VirtualBox ya tayar da uku ko huɗu a kan teburinsa.

Babban amfaninta shi ne gwaji. Wanda ya rubuta manhaja ba ya son ya fara gwada ta a kan jama'a, sai ya sa ta cikin kwamfutar kwaikwayo, ya ɗora mata wani shiri mai yin gwaji da kansa, ya tafi ya kwanta. Gari na wayewa ya duba sakamako. To, a nan ne ake yin ta, domin sau da yawa gwaji yakan faɗi alhali kuwa manhajar lafiyarta ƙalau. Hanyar sadarwa ce ta yanke.

Na ga wannan da idona a wurin wani ƙanena mai wannan sana'a. Gwajinsa ya yi ta faɗuwa, yau ya wuce, gobe ya ƙi. Abokan aikinsa suka ce ya yi ta maimaitawa har ya wuce, a huta. Ya ƙi, ya ce ciwon da ba a san sunansa ba, ba a cewa ya warke.

Ya yi mini bayani da misalin da na gane. Ya ce kwamfutar kwaikwayo baƙuwa ce, kuma hanya biyu aka fi saukar da ita. Ko dai ta zauna a cikin gida, duk saƙonta ya bi ta hannun maigida, na waje kuwa ba su san da ita ba, balle su yi mata sallama. Ko kuwa a fasa mata ƙofarta a bakin titi, ta sami lambar gida tata. Wanda ya zaɓi ta farko, sa'an nan ya zauna jiran na waje su iso gare ta, sai ya kwana yana jira.

Bayan wannan sai ya shiga bin sawu daki-daki. Shin baƙuwar ta sami lambar adireshi? In ta samu, tana iya kaiwa ga na'urar da ke fitar da saƙo waje? In tana kaiwa, tana iya juya suna ya zama lamba, watau aikin da ake kira DNS? In duk wannan daidai ne, ko katangar tsaro ce ta tare ƙofa? Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, kuma kowane mataki sai ya rubuta shi.

A ƙarshe ga inda gizo yake saƙar: duk daren da aka ɗauke wuta aka koma janareta, kwamfutar takan riga na'urar rarraba adireshi farkawa. Gwaji ya fara, baƙuwa ba ta da lamba tukuna, sai ya faɗi. Maganin layi kaɗan ne, ya umurci gwajin ya dakata sai hanya ta buɗe.

Mai karatu zai ce ina ruwan talaka da wannan? Lalle da ruwansa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Ran 14 ga Mayu, 2025, shugabanta na lokacin, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya ce an sami tangarɗa a cibiyoyi 157 na Ikko da jihohin kudu maso gabas, wadda ta shafi ɗalibai 379,997. Dalilin da aka bayar shi ne wani gyara da aka yi wa manhaja bai zauna daidai a kan wasu injunan ba. Dole yaran suka sake zama. A dubi zullumin da iyaye suka shiga kafin gaskiya ta fito.

Don haka nake kira ga matasanmu masu wannan aiki, da shugabannin da ke ba su kwangila, kada a ɗauki faɗuwar gwaji a kan fitina. Gargaɗi ne ya zo da wuri, tun ba a kai ga kuɗin ɗan kasuwa ko makomar ɗalibi ba. A ba mai bincike lokaci ya bi sawu har ya ga tushe, a kuma gwada kaya a irin yanayin da za su yi aiki, da ɗaukewar wutarsa da duka. Allah ya sa mu gane.