Bangon da Na Ɓata

A dogon hutun da ya wuce, maimakon in zauna gida ina latsa waya, sai na bi kawuna wurin aiki. Kawu birkila ne, ya fi shekara ashirin yana gini. Ni kuwa ina aji biyu a jami'a, ina karanta fannin gine-gine, kuma in faɗa muku gaskiya, ina ganin na fi shi sanin aikin tunda ni ke riƙe da littafi.

Gidan da muke ginawa na jan bulo ne, wato bulon laka da aka gasa a wuta. Mai gidan ya ce ba za a yi masa filasta ko fenti ba, yana son a ga jan bulon yadda yake. Irin wannan gini ba ya ɓoye laifi. Duk abin da ya taɓa fuskar bulo, nan zai zauna kowa ya gani.

Aikina shi ne miƙa kwaɓin siminti da share bango. Tun ranar farko Kawu ya ce da ni, "Ɗana, in kwaɓi ya zuba a kan bulo, kada ka shafe shi da hannu yana ɗanye, zai shige cikin ƙofofin bulon. Bari ya ɗan sha iska, ka kankare da cokalin gini, da yamma ka bi da busasshen burushi." Na ce to, amma ban yi ba. Wani lokaci in goge da tsumma don sauri, wani lokaci in ce sai gobe. Goben ta zama mako uku. Da aka sauke katakon da muke hawa, sai ga bangon gabas ya yi dabbare-dabbare da farin tabo kamar an watsa masa koko. Wannan bangon kuwa ni aka ba kula da shi.

Da Alhaji mai gidan ya zo, ransa ya ɓaci. Ɗan kwangila ya ce kada ya damu, akwai masu injin fesa yashi, a yini ɗaya za su wanke bangon tas. Na ji daɗi a raina, don na ɗauka za a rufa mini asiri.

Washegari suka iso da injin matsa iska, da tukunyar ƙarfe da ake zuba yashi, da doguwar tiyo mai ƙaramin baki. Yadda abin ke aiki ba wuya: iska mai ƙarfi ce ke kwaso busasshen yashi ta harba shi kan bango, kowace ƙwaya ta ɓantare ɗan abin da ta samu. Daga baya na karanta cewa wani Ba'amurke mai suna Benjamin Tilghman ne ya yi rajistar wannan dabara a 1870. Tana da amfani sosai wajen cire tsatsa da tsohon fenti daga jikin ƙarfe. Amma yashi ba shi da ido, bai san bambancin tabon siminti da bulon da ke ƙarƙashinsa ba.

Kafin su fara, Kawu ya matsa kusa da mai gida ya ce, "Alhaji, ina roƙon alfarma. A gwada a bayan gida tukuna, wurin da ba a gani." Ɗan kwangila ya ɓata rai, amma Alhaji ya yarda. Cikin 'yan mintuna aka fesa wuri kamar faɗin tabarmar salla. Da ƙura ta lafa, wurin ya yi ja wur, har na kusa tafi.

Kawu bai ce komai ba. Ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Fuskar bulon da take da santsi ta koma kaushi, gefunansa sun zagwanye, simintin da ke tsakanin bulo da bulo ya lotsa ciki. Sai ya ɗebo ruwa a kofi ya watsa a wurin da aka fesa, ya kuma watsa a inda ba a taɓa ba. A nan ruwan ya gangaro, a can kuwa bango ya shanye shi nan take, ya yi duhu.

A nan ne karatuna ya dawo mini, bayan Kawu ya riga ya nuna a aikace. Ana gasa jan bulo a zafin da ya kai wajen digiri 1,000, kuma bayansa yakan fi cikinsa tauri da matsewa. Wannan ɓawon shi ne rigar ruwan bulo. In aka kankare shi, ruwan damina zai riƙa shiga, ya narkar da gishirin da ke cikin bulo da siminti, ya fito da shi waje ya bar farin gari a jikin bango. Ƙura kuma ta fi kama wuri mai kaushi. Ga shi simintin sabon gini bai gama yin ƙarfi ba, shi ya sa yashin ya ci shi da sauri. Garin neman gira za a rasa ido ke nan.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba bangon ba ne. Akwai wani yaro cikin masu injin, bai wuce shekara goma sha shida ba, sa'ar da yawa daga cikinku. Shi ke zuba yashi a tukunya, yana tsaye tsakiyar ƙura, ya ɗaure hanci da hankici kawai. Gashin idonsa ya yi fari fat. Da aka kashe injin ya yi tari, ya tofar, ya yi dariya.

Yawancin yashi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira silika. In ƙwayar yashi ta daki bango da ƙarfi, tana farfashewa ta zama ƙurar da ido ba ya iya gani. Irin wannan ƙura hankici ba ya tare ta. Tana wucewa can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi ta tabo har numfashi ya gagara. Likitoci na kiran cutar silikosis. Ba ta da maganin warkewa, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Wani lokaci sai bayan shekara goma ko fiye take bayyana, amma in ƙurar ta yi yawa tana iya kayar da mutum cikin ɗan lokaci. Saboda haka ne Birtaniya ta yi doka tun 1949 da ta hana amfani da yashi a irin wannan inji a masana'antu. Turkiyya ma a 2009 ta hana fesa wa wandunan jins yashi don su yi kamar sun kwana biyu, bayan cutar ta kama samari da yawa masu wannan aiki. Inda ake bin ƙa'ida, mai fesawa yakan sa hular da ta rufe kai duka, ana turo masa iska mai tsabta ta tiyo, kuma akan yi amfani da wasu abubuwa maimakon yashi.

Alhaji ya taɓa bangon da hannunsa, ya ce a dakata. Sai ya tambaya, "To, wa zai cire tabon?" Kawu ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne na ɓata, Alhaji. Ni zan gyara."

Kwana tara na yi ina wannan aiki. In jiƙa bango da ruwa, in kankare manyan tabo da guntun katako ko ɓallin bulo, in bi da burushi mai tauri, in ɗauraye daga sama zuwa ƙasa. Kawu ya hana ni burushin ƙarfe, ya ce yana barin tsatsa. Hannuna ya yi kanta, bayana ya ƙage. Aikin da minti goma na kowace yamma zai ishe shi, shi ya cinye mini ƙarshen hutu. Har yau akwai tabo biyu ko uku da suka ƙi fita, kuma na san inda kowanne yake.

Yaron nan kuwa, kafin su tafi na same shi yana naɗe tiyo. Na gaya masa abin da ƙurar ke yi wa huhu. Ya ce, "Yaya, in ban yi ba, me zan ci?" Ban sami amsa ba. Na dai ce ya roƙi maigidansa abin rufe fuska na gaske, ya kuma daina tsayawa inda iska ke kai ƙura. Ya gyaɗa kai, suka hau mota. Abin da ke damuna shi ne, da na share bangona a kan lokaci, da ba a kira su ba, da bai shaƙi ƙurar wannan ranar ba.

Ƙannena, da yawanku za ku je wurin gini ko gareji a hutu mai zuwa don neman na kashewa, kuma hakan abin yabo ne. In kun ga ana yanka dutse, ko tayil, ko ana fesa yashi ƙura na tashi, ku matsa nesa, ku tambayi ko za a iya jiƙa wurin da ruwa. In babba ya ce ku goge abu yau, ku goge shi yau. Ni sai da na ɓata bango guda kafin na yarda Kawu ya fi ni sani.