Ƙararrawar ƙofa da ke jone da lantarki, batirinta na ƙarewa

Na sha jin masu ƙararrawar ƙofa mai kyamara, irin Ring mai batir, suna ƙorafin cewa an jona ta da lantarkin gida amma cajinta kullum raguwa yake yi. A ganina ba lalacewa ba ce. Batirin ne ke tafiyar da na'urar. Wayar lantarkin ɗigon wuta kawai take zuba masa daga ƙaramar taransifoma mai bolt 8 zuwa 24. Idan ƙofar tana fuskantar titi, duk wanda ya gifta sai ya tayar da kyamarar, har abin da ke fita ya rinjayi mai shigowa. A hunturun Amurka abin ya fi tsanani, domin na'urar takan daina cajin batirin lithium idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0. Sai ƙofa ta kwana ba ido, maigida kuwa ya saki jiki.