Man Keken Ɗinki a Bindigar Aro

Mahaifina tela ne a Damagaram. Tun ina yaro, kowace safiyar Juma'a nakan gan shi ya kwantar da kan kekensa, ya ɗauko ƴar butar mai mai tsinin baki, ya bi gaɓoɓin keken ɗaya bayan ɗaya yana ɗiga musu. Idan keken ya fara ƙara, sai ya ce ƙishirwa yake ji. Da wannan karatun na girma: duk ƙarfen da ke motsi mai yake so. Karatun nan ne ya kusa sa ni cin amana a ƙasar mutane.

Bayan na yi ƴan shekaru ina gabatar da shirye-shirye, gidan rediyonmu ya tura ni kwas na wata huɗu a birnin Lil da ke arewacin Faransa. An sauke ni a gidan wani dattijo, tsohon mai haɗa sauti a rediyo da ya yi ritaya. Kwana uku da zuwana na hango doguwar bindiga a kan teburinsa, gabana ya faɗi. Ni da na karanta labarin harin Bosso da Diffa da bakina a watan Fabrairun 2015, bindiga ba abin wasa ba ce a wurina. Da ya ga fuskata sai ya yi dariya, ya zuba mini ƴan ƙwallayen roba farare a tafin hannu, kowace faɗinta milimita 6. Ya ce waɗannan ne harsasanta, kuma sunan wasan airsoft.

A Japan aka fara wasan a shekarun 1970, ƙasar da doka ta tsananta wa farar hula wajen mallakar bindiga. Tasa ƙirar VSR-10 ce ta kamfanin Tokyo Marui, ba ta da batir, ba ta da gas. Idan ka ja sakatarta baya, sifirin da ke ciki ya matse, ta ɗanu. Da ka taɓa kunama sai sifirin ya tunkuɗa fistan cikin silinda, iskar da ke gabansa ta fito da ƙarfi ta kori ƙwallon ta cikin bututu. Wato duk ƙarfinta iska ce da aka tsare, kuma mai tsaronta wani ɗan zoben roba ne a kan fistan. A gindin bututun akwai wata robar kuma, wadda masu wasan ke kira hop-up. Ita ke shafar saman ƙwallon ta sa shi juyi, juyin ya riƙe shi a sama ya yi nisa kafin ya faɗi.

Ranar Lahadi yakan tafi da ni wani daji da ƙungiyarsu ke haya. Kowa da tabaran kariya a ido, kuma ba mai shiga fili sai an gwada bindigarsa a na'urar awon gudu. Lissafin ba wuya: ƙwallo mai nauyin giram 0.20 da ke gudun mita 100 a daƙiƙa, ƙarfinsa jul 1 ke nan. A dokar Faransa, abin da ya kai jul 2 ya tashi daga kayan wasa ya shiga sahun makamai. Dattijon ya sauya sifirin tasa, tana ba da kusan mita 120, kuma abin alfaharinsa shi ne idan ya harba sau goma, da ƙyar lambar za ta gusa da ɗaya ko biyu.

A wata na uku ya tafi duba ƴarsa na mako guda, ya bar mini bindigar in ci gaba da koyon saiti a bayan gida. Ran nan na ji sakatar tana ɗan gurzawa. Na tuna da Baba. Na shiga ɗakin ajiya na samo man keken ɗinkin matarsa, na ɗiga a jikin silinda, na ɗiga a bakin da iska ke fita, har na ƙara da ɗigo uku cikin bututu don alheri ya cika. Sakata ta yi laushi, ni kuma na kwanta ina jin na kyauta wa mutumin da ya kyauta mini.

Lahadin da ya dawo, a gaban mutane ya sa ta a na'ura. Harbin farko 117, na biyu 98, na uku 109. Ya ɗaga ta ya auna wani kututture, ƙwallo ɗaya ya nutse ƙasa tun kafin rabin hanya, na gaba ya karkace dama. Ya juyo ya ce, "Ɗana, ko ta faɗi ne?" Na ce a'a. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Na ji shi yana gaya wa abokinsa wataƙila sifirin ne ya gaji, zai yi odar sabo da sabuwar silinda. Mutum ne mai zaman fansho, na san abin da kuɗin ke nufi gare shi.

Daren nan ban runtsa ba. Ni ne kullum a rediyo nake ce wa hukumomi su fito su faɗa wa jama'a gaskiya, ga shi ɗigon mai ya ɗaure mini baki. Da safe na ajiye butar man a gabansa, na ce, "Baba, ni ne. Wannan na sa mata." Ya daɗe yana juya butar a hannu. Sannan ya ce in share teburin, in wanke hannu.

Ya cire gidan ƙwallaye, ya tabbatar ba ta ɗane, sannan ya kwance ta yana dafe da sifirin kada ya yi tsalle. Ya nuna mini robar hop-up tana sheƙi. Ya ce aikinta riƙo ne, robar da ta sha mai kuwa ba ta riƙe komai, shi ya sa kowane ƙwallo ke fita da nasa juyin. Ya ƙara da cewa man da aka tace daga fetur yana iya kumbura roba ya lalata ta, don haka ba ya kusantar cikin wannan bindiga. Robar da zoben fistan duka ya jefa a shara. Ya ba ni siririyar sanda da ƙyalle mai ɗan alkol, na yi ta zurawa cikin bututu ina sauya ƙyalle har na ƙarshe ya fito fari tas, ya bar shi a bushe. Cikin silinda ma sai da muka goge shi ƙal. Sai a nan ya ɗauko giris ɗin silikon, ya lakato abin da bai kai ƙwayar gero biyu ba, ya shafa wa sabon zoben, ya ɗan shafa wa sifirin da inda ƙarfe ke gugar ƙarfe a wajen kunama. Na ce, "Shi ke nan?" Ya ce abin da ya wuce haka iska za ta kwashe shi ta watsa wa robar da muka sauya yanzu, ragowar kuma ya zama matattarar ƙura.

Kafin ya haɗa ta, ya sa na toshe bakin silinda da yatsa, ya tura fistan. Fistan ya tafi kaɗan ya cije, kamar famfon keke idan an toshe bakinsa. Ya ce iska ta tsaru ke nan. Ya ja mini kunne a kan abu biyu: kada a ajiye ta a ɗane, don sifirin da ya daɗe a matse yana yin sanyi, kuma kada a riƙa harba ta ba ƙwallo, don fistan zai yi ta dukan kan silinda ba abin da ke tare shi. Muka gwada: 119, 120, 119, 120. Ya nuna lambobin da yatsa ya ce, ai mu ƴan rediyo mun san wannan, allurar sauti da ke tsalle sama da ƙasa ta fi wadda ke ƙasa-ƙasa azabtar da mai sauraro. Kuɗin robobin bai karɓa ba. Ya ce da na yi shiru da ya sayi sifirin da silinda, kuma da cutar na nan inda take.

Ranar da zan taho ya so ya ba ni wata ƙarama tsaraba. Na yi godiya na ƙi. Abin da ke kama da bindigar gaske ba ya bin mutum ta filin jirgin Yamai, balle ya ratsa shingayen jami'an tsaro har Damagaram.

Da na isa gida na ba Baba labari, ya yi dariya har da tari. Ya ce ai laifina ne, rabin aikin na kalla. Tun daren Alhamis yake bin keken da tsohon buroshi yana fitar da ƙura da burbushin zare, kuma ko sau ɗaya bai taɓa barin mai ya taɓa bel ba. Lokacin ni ina barci.