Mu Je Bakori Mu Ga Gonar Kakanni

Wannan mako ina so kowacce ta ɗauki mayafinta mu tafi Bakori, a kudancin Jihar Katsina. Amma kafin mu shiga mota, bari in ba ku labarin wata dabara ta Turawa, domin ita ce dalilin tafiyar tamu.

A ƙasashensu akwai abin da za mu iya kira gonar tarihi. Watau gidan ajiye kayan tarihi ne, amma ba a kulle kayan cikin akwatin gilashi, aiki ake yi da su a gaban mai kallo. A babban birnin ƙasar Suwidin an buɗe wani wuri irin wannan, ana ce da shi Skansen, tun 1891, aka ɗebo tsofaffin gidajen ƙauye aka sake kafa su a can. A jihar Ayowa ta Amurka kuma akwai wadda aka kafa a 1970, mai faɗin eka 500. A cikinta an raya gonaki uku: ta 'yan asalin ƙasar kamar yadda take a 1700, da ta 1850 inda shanu ke aiki, da ta 1900 inda dawaki ke jan garma. Magidanci ya kwaso iyalinsa su biya kuɗin shiga, yara su ga yadda kakanninsu suka ci abinci da guminsu. Akwai kuma mutanen gari masu ba da lokacinsu kyauta don wurin ya ɗore. Ko a nan maƙwabta, gidan tarihin Yamai da aka buɗe a 1959 yana da gidajen gargajiya na ƙabilun Nijar, da masu sana'ar hannu suna aiki a idon jama'a.

To, abin da waɗancan mutane suka kashe kuɗi suka sake ginawa bayan ya ɓace musu, mu namu yana nan da ransa, sai dai ya tsufa. Gani ya kori ji, sai mu tafi.

Daga Funtuwa za mu tashi, garin da auduga da jirgin ƙasa suka raya, gama layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, ta cikinta ya ratsa. Idan kika kama hanyar Malumfashi, ba ki cika rabin sa'a a mota ba sai ga Bakori, garin Makaman Katsina. Ki zo da kaka, tsakanin Oktoba da Disamba. Dama da hagu za ki ga masara an karya, dawa ta sunkuyar da kai, waken suya an tara shi tsibi tsibi. Ƙasar nan ta fi arewacin Katsina samun ruwan sama, shi ya sa garuruwanta irin su Tsiga da Kabomo da Kurami da Jargaba suke ciyar da mutanen da ba su taɓa jin sunansu ba.

Kada ki tsaya a bakin titi, 'yar'uwa. Ki yi sallama a gidan da akwai tsohuwa, nan ne abin kallon yake. Ki fara da rumbu. Dubi yadda aka ɗora shi bisa duwatsu, don kada danshi ya taɓa hatsi, gara kuma ta sha wuyar hawa. Ana zuba dawa da gero da zangarniyarsu, ba a sussuke ba, domin haka sun fi jimre wa ƙwari, har su shekara fiye da ɗaya. Wake kuwa, tsofaffi kan cuɗa shi da toka don maganin ƙwaro. Sa'an nan ki leƙa zaure ki ce a nuna miki sungumi na shuka, da hauya ta noma, da garma ta huɗa, da magirbi na sare kara, da lauje. Ki tambayi maigida bambancin gandu da gayauna, zai gaya miki gandu gonar gida ce da kowa ke yi wa aiki, kowa kuma ya ci daga cikinta, gayauna kuwa 'yar gonar mutum ce ta kansa.

Ki kuma tambaye shi don me ake shuka wake a tsakanin gero da dawa. Shi zai ce wake yana gyara ƙasa. Malaman gona sun bincika sun tarar gaskiyarsa ce, saiwar wake tana ƙara wa ƙasa irin abincin da ake saye da tsada cikin buhun takin zamani. Haka nan itacen gawo, da ba a sare shi a gona, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya zama taki.

Yanzu mu shiga cikin gida, wajen namu aikin. Daga dami zuwa tuwo akwai sussuka, da shiƙa, da surfe, da bakace, da daka ko niƙa bisa dutse, da tankaɗe. Ga daddawa, yadda ake dafa kalwa a cire mata ɓawo, a sake dafawa, a rufe ta kwanaki har ta yi. Ga gyaɗa, a soya, a niƙa, a matse mai, a toya ƙuliƙuli. Amma abin da ya fi ba ni tausayi shi ne kaɗi. A ƙasar da ta yi suna da auduga, ki nemi mai gurza ta fitar da angurya, ta yi shiɓa, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, za ki tarar galibi masu furfura ne. Mazarin yana cikin tsohuwar taskira, hannun da ya san shi kuwa ya fara rawa.

Me ya kawo haka? Ba lalaci ba ne, zamani ne. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, ya yaɗa sabon irin masara da takin zamani, masara ta zama abin sayarwa, ana casa ta a ɗura a buhu. Injin niƙa ya sa dutse ya koma bayan ɗaki. Masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa bayan shekarar 2000, auduga ta ja baya. Maganin feshi kuma ya rage noman hannu, sai gayya ta yi ƙaranci. Da can mai gona yakan gayyaci samarin unguwa, mata su dama fura su tuƙa tuwo, makaɗa su buga gangar noma, a gama gona a yini ɗaya ba a biya kowa lada ba, gobe kuma a tafi ta wani. Ban ce a fasa inji ba. Duk wadda ta taɓa surfa tiya biyar da taɓarya ta san inji rahama ne. Amma ranar da taki ya yi tsada, ko irin kanti ya ƙi, wanda ya san dabarar kakansa shi ke kwana da abinci. Da tsohuwar zuma ake magani.

A kwalejin horon malamai an koya mana cewa abin da yaro ya ji yakan manta, abin da ya yi da hannunsa shi ke zama. Ga shi muna da yara a makarantunmu, 'ya'yan manoma jikokin manoma, da yawansu ba su iya bambanta kaura da farfara ba. Saboda haka ga shawarata, kuma ba ta bukatar jiran gwamnati.

Matan unguwa su haɗa kai, su nemi izinin mazajensu da na mai unguwa, a samu kangon gida ko gefen filin makaranta. Wadda ke da dutsen niƙa da ba a amfani da shi ta ba da aro, mai mazari ta kawo, mai tsohon akushi ta kawo, a rubuta sunan kowa jikin kayansa. Samari su yi gayya su gina ɗan rumbu, a ware kunya goma a shuka irin dawa da gero da wake na gargajiya, don kada irin ya ɓace. Rana ɗaya a wata, a gayyato tsofaffi maza da mata su nuna aiki, iyaye su zo da yara. Ƙanana su ɓare gyaɗa, 'yan mata su gwada bakace da kaɗi, samari su koyi ɗaurin dami. Mu malamai kuma mu riƙe littafi da alƙalami, mu rubuta sunan kowane abu da yadda ake yinsa, daga bakin masu shi. A tashi da fura, a sallami tsofaffin da goro da godiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wannan jinkar ba ta fi ƙarfin unguwa guda ba.

Ke kuma ta birni, Kano ko Kaduna ko Katsina, idan kina da dangi a wannan yanki, ki kai yara hutun kaka. Sai dai ki fara tambayar mutanen gida lafiyar hanya, gama 'yan bindiga sun addabi wasu ƙauyukan kudancin Katsina a shekarun nan, har sun raba manoma da gonakinsu. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Idan tafiya ba ta yiwu ba, ai akwai tsohuwa a unguwarku. Ki aiki 'yarki ta gaishe ta, ta zauna kusa da ita, ta tambaye ta. Kada a bari sai an yi sadakar uku a fara cewa da ma.

Wadda ta gwada wannan a garinsu, ta rubuto mana mu ji yadda ta kaya, domin wasu su yi koyi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika rumbunanmu, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.